Ziyararmu Kasuwar Bindiga A Ƙasar Amurka

Tun da muka dawo daga ƙasar Amurka, inda muka yi mako uku a watan Oktoba na 2023, 'yan'uwa suke tare mu a bakin hanya da wuraren biki suna tambayar abin da muka gano. Dogayen benaye da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk kun sha ganinsu a talabijin, don haka ba za mu ɓata muku lokaci a kansu ba. Labarin da muka daɗe muna riƙe da shi na wata kasuwa ne da muka shiga ranar wata Asabar, inda muka tarar an baza bindigogi a kan tebura kamar yadda ake baza atamfa a Kejetia. Sai yanzu mai labarin ya yarda mu buga, bisa sharaɗin ba za mu ambaci sunansa ba.

Saƙo ne ya kai mu wannan kasuwa. Ana gobe za mu tashi, ƙanwarmu ta zo gida da ƙullin yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa na ɗanta. Da ta ajiye kayan sai ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, yaron nan ya ce mini bindiga zai saya. Ka san ba ya ƙetare maganarka. Don Allah in ka je ka hana shi." Yaron kuwa ya shekara 9 a can, yana aikin dare a wani gidan mai a jihar Bajiniya. Wata biyu kafin wannan rana wasu samari suka shigar masa da misalin ƙarfe biyu na dare, suka ɗora masa bakin bindiga a goshi, suka kwashe cinikin ranar. Muka ce mata ta kwantar da hankalinta, an gama. A zatonmu magana ce ta zama ɗaya.

A UNGUWAR BRONX

Mun fara yada zango a birnin Niyok, a unguwar Bronx, inda 'yan zango suke da yawa har mutum ya ji ana ciniki da Hausa a bakin shago, ya kuma ci tuwo da miyar ayoyo kamar yana Aboabo. Mai masaukinmu dattijo ne da ya shekara fiye da 30 yana tuƙin tasi a birnin. Da muka gaya masa saƙon da muke ɗauke da shi bai ce uffan ba, sai washegari ya sa mu a mota ya kai mu wani titi mai suna Wheeler, ya tsaya a ƙofar wani ƙaramin gidan bene. A zauren wannan gida ne, ran 4 ga Fabrairu 1999, 'yan sanda huɗu masu farin kaya suka harbe wani saurayi ɗan ƙasar Gini mai suna Amadou Diallo, ɗan shekara 23, mai tallar kaya a bakin titi. Harbi 41 suka yi, 19 suka same shi. Abin da ya ciro daga aljihu, wanda suka ce sun zaci bindiga ce, alaben kuɗinsa ne. A 2000 kotu ta sallame su.

Mai masaukinmu ya ce, "Malam, na kawo ka nan ne don ka san irin ƙasar da ka shigo. Inda kowa ke iya ɗaure bindiga a ƙugu, shi kansa ɗan sanda a tsorace yake tafiya, mai tsoro kuwa hannunsa kan riga tunaninsa."

A hanyar komawa ya yi mana bayanin da ya buɗe mana ido. Amurka jihohi 50 ce, akwai dokar tarayya da ta hau kan kowa, sannan kowace jiha tana ƙara nata. Niyok tana cikin masu tsanani, tun 1911 take da dokar lasin ƙaramar bindiga. A birnin, ko a ɗaka mutum zai ajiye ta sai ya nemi izinin 'yan sanda, a ɗauki hoton yatsunsa, ya yi watanni yana jira. A da, mai son fita da ita waje sai ya kawo wani dalili na musamman, amma a watan Yuni 2022 Kotun Ƙoli ta ƙasa ta soke wannan sharaɗi. Sai jihar ta fito da sabuwar doka: mai neman izinin yawo da bindiga zai zauna aji na awa 16, ya yi awa 2 a filin koyon harbi, a yi masa tambayoyi ido da ido, ya kuma kawo sunayen mutum huɗu da za su shaidi halinsa.

Wannan na ƙarshen ya yi mana daɗi, domin mun san shi tun daga gida. Zamanin da fatake ke shigowa Salaga da Kumasi, ba mai ba baƙo bashin goro ko ya karɓi shanunsa a kan amana sai mai masaukinsa ya tsaya masa. Wanda ya san kwananka da tashinka shi ke faɗin ko kai wane ne. Muka ce a ranmu, ashe Turawa ma sun dawo hanyar kakanninmu. Da wannan tunani muka hau bas zuwa kudu.

HANYA MAI LAMBA 95

Daga Niyok zuwa birnin Washintan kilomita 360 ne ko kusa da haka, tafiyar awa huɗu zuwa biyar. Lokacin sanyi ya gabato, ganyayen itatuwa sun yi ja da rawaya hagu da dama. A Baltimo muka hango tashar jiragen ruwa da manyan injunan ɗaga kwantena, sannan motar ta shige wani dogon rami a ƙarƙashin ruwa ta ɓullo ɗaya gefen. Jiha huɗu muka taka kafin Washintan, ba shinge, ba kwastan, ba wanda ya ce a sauke jaka kamar yadda ake yi a Aflao ko Paga.

Wannan sauƙi da ya burge mu shi ne ciwon kan hukumomin Niyok. Suna yi wa hanyar laƙabi da bututun ƙarfe, domin ta nan ake hauro da bindigogi daga jihohin kudu masu sassaucin doka. A 2016 ofishin babban lauyan jihar Niyok ya duba bindigogin da 'yan sanda suka kama daga 2010 zuwa 2015, ya gano cewa kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka san asalinsu daga wasu jihohi aka shigo da su. Bajiniya, inda muka nufa, ta daɗe da wannan suna, har a 1993 ta yi dokar da ta hana mutum sayen ƙaramar bindiga fiye da ɗaya a wata. An soke dokar a 2012, aka dawo da ita a 2020. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku yadda ake ja-in-ja a kan maganar.

Ɗan ƙanwarmu ya tarye mu ya kai mu gidansa a Woodbridge, wani gari kudu da Washintan inda 'yan Gana suke da dama. Yana da mata da 'ya'ya biyu, ɗaya shekara 4, ɗaya shekara 2. Bayan an ci abinci muka isar da saƙo. Ya saurara kansa a sunkuye, sannan ya ce, "Kawu, ban isa in ja da kai ba. Amma ranar da aka ɗora mini ƙarfen nan, sai da suka tafi da kusan kwata na awa sannan 'yan sanda suka iso. Gobe Asabar akwai kasuwa. Mu je tare ka gani, in ka gani sai mu yi magana." Muka ce gani ya kori ji.

CIKIN KASUWA

A wani katafaren zaure ake cin kasuwar, irin wanda ake baje kolin kaya. Aka sayi tikiti a ƙofa. Duk wanda ya zo da bindigarsa sai masu gadi su cire harsashin, su ɗaure kunamar da zaren roba, sannan ya shiga. Ciki kuwa tebura ne jere-jere, iya ganinka. Ga ƙananan bindigogi na aljihu, wasu har an yi musu fenti ruwan hoda don mata. Ga na farautar barewa da na harbin agwagin ruwa, ga tsofaffi na zamanin yaƙin duniya, ga masu ɗuri da albarushi irin bindigar tokar maharbanmu. Ga kuma baƙar doguwar nan da ake kira AR-15, mai kama da ta soja, wadda ke fitar da harsashi ɗaya duk sanda aka ja kunama. Yawancin ƙananan da muka duba kuɗinsu tsakanin dala 300 ne da 600, wato bai kai na wata babbar wayar hannu ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne mutanen. Mun zaci za mu ga masu jajayen idanu, sai muka ga tsofaffi da sanduna, da mata masu tura jarirai a keke, da uba yana nuna wa ɗansa yadda ake riƙe bindiga baki a ƙasa. Ana sayar da wuƙaƙe da busasshen nama mai kama da kilishi, ana raha, kowa na ce wa kowa sannu. Wata cibiyar bincike da ke Janiba, wadda ke ƙidayar ƙananan makamai a duniya, ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato 120 ga kowane mutum 100. Bindigogin sun fi mutanen yawa. Tushen abin kuwa yana cikin tsarin mulkinsu: gyara na biyu, wanda aka shigar a 1791, ya ba jama'a haƙƙin mallakar makami, kuma a 2008 Kotun Ƙoli ta yanke cewa haƙƙin na kowane mutum ne a kan kansa, don kare gidansa.

Yaron ya tsaya a teburin wani dila mai lasin gwamnatin tarayya, ya zaɓi wata ƙaramar baƙa. Dilan ya karɓi lasin tuƙinsa da katinsa na zaman dindindin, wanda kuka sani da girin kad, ya miƙa masa fom mai lamba 4473 tare da na jiha. Muka leƙa ta kafaɗarsa muna karantawa. Tambayoyi ne na e ko a'a. Kai ne ainihin mai sayen, ko wani kake saya wa? An taɓa samunka da laifin da hukuncinsa ya wuce ɗaurin shekara ɗaya? Kana gudun shari'a? Kana shan ƙwaya ko wiwi? Kotu ta taɓa yanke cewa kana da taɓin hankali, ko ta tura ka asibitin ƙwaƙwalwa? An kore ka daga soja da wulaƙanci? An taɓa hukunta ka a kan dukan iyali, ko kotu ta hana ka kusantar matarka? Kana zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, ko da bizar baƙunci ka shigo? Da dilan ya ji mu bizar ziyara gare mu, sai ya yi murmushi ya ce mu namu ido ne.

Da aka gama cikawa ya karɓi dala 2, ya tura bayanan ta kwamfuta ga 'yan sandan jiha. Su ne ke duba kundinsu, su kuma tuntuɓi babban kundin hukumar FBI da ke garin Clarksburg a Bajiniya ta Yamma. Muna tsaye aka amince wa mutum biyu cikin 'yan mintoci, suka rungumi kwalayensu suka tafi. Da aka zo kan namu sai amsa ta fito cewa a dakata. Dilan ya ce kada ya damu, haka kan faru ga mai sunan da mutane da yawa ke amsawa, kuma wanda ba ɗan ƙasa ba sai an leƙa kundin shige da fice. Ya ce zai riƙe bindigar a shagonsa, in amsa ta zo zai kira. Mu dai muka yi ajiyar zuciya, don mun sami 'yan kwanaki.

Muka koma wurin masu shayi muka zauna tebur ɗaya da wani tsohon Bature manomi da wata baƙar mace ma'aikaciyar jinya. Hira ta ɓarke, yaron yana taimaka mana inda Turancinsu ya yi mana sauri. Manomin ya ce daga gonarsa zuwa ofishin 'yan sanda mafi kusa tafiyar rabin awa ce, kuma tun yana ɗan shekara 10 yake harbi bai taɓa nuna mutum da bindiga ba. Ya ce ɗan fashi ba ya cika fom, saboda haka duk sabuwar doka a kan mai gaskiya take sauka. Abin da ya fi tsoro shi ne gwamnati ta yi rajistar masu bindiga, domin a faɗarsa takardar da ta san inda bindigarka take ita ce za ta rako mai karɓewa.

Matar ta ce ita ba ta tare da shi a nan. Ta sha ganin yaran da aka kawo asibiti da harsashi a jiki, don haka tana son a binciki kowane mai saye, ko daga hannun wa zai saya. Da muka ji haka sai muka kawo tamu, muka yaba tsarin Niyok na shaidu huɗu, muka ba su labarin mai masauki da baƙonsa. Sai ta girgiza kai. Ta ce a 1956, bayan an jefa bam a gidan Martin Luther King a garin Montgomery, ya nemi izinin riƙe bindiga, hukuma ta hana shi, domin a lokacin ra'ayin jami'i ne ke yanke wanda ya cancanta. Ta dubi yaron ta ce, "In aka ce sai manyan gari sun shaide ka, wa zai shaidi wannan da ya zo jiya?" Maganar ta zauna mana. Mu da muke zaune a zango mun fi kowa sanin yadda ake yi wa baƙo awo da mudun da ba a yi wa ɗan gari.

INDA BANGO YA TSAGE

Ranar Lahadi muka shiga Washintan, yaron ya kai mu gefen otal ɗin Hilton. A bakin wata ƙofa ta wannan otal ne, ran 30 ga Maris 1981, wani saurayi ya harbi Shugaba Ronald Reagan da wata ƙaramar bindiga da ya saya a shagon jingina a birnin Dallas. Reagan ya warke, amma kakakinsa James Brady, da harsashi ya same shi a kai, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Shi da matarsa Sarah suka yi shekaru suna sintiri a majalisa, har Shugaba Clinton ya sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan Brady a watan Nuwamba 1993. Ita ce ta wajabta wa dila binciken mai saye. Da farko jiran kwana biyar ake yi, sai a Nuwamba 1998 aka fara aiki da kwamfutar da muka gani jiya. Ba wani allo mai girma a wurin, motoci na wucewa abinsu.

Tun daga lokacin kwamfutar ta hana miliyoyin ciniki, wannan ba mai musu. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar tana da yawa. Ta farko, dokar tarayya a kan dila mai lasin ta hau. Mutum ya sayar wa maƙwabcinsa tasa ta gida, a jihohi da yawa ba wanda zai tambaye shi takarda. Bayan kisan yara 20 da ma'aikata 6 a makarantar firamare ta Sandy Hook a Disamba 2012, an kai ƙudurin faɗaɗa binciken gaban majalisar dattawa a Afrilu 2013, ya sami ƙuri'a 54, ana bukatar 60, ya faɗi. Bajiniya ta yi nata a 2020, duk da cewa a watan Janairu na shekarar mutum kusan 22,000 sun yi gangami a Richmond, da yawansu rataye da bindigogi, suna adawa.

Ta biyu, in hukumar tarayya ta kwana uku na aiki ba ta ba da amsa ba, doka ta yarda dila ya miƙa kaya. Ta wannan kafa ce wanda ya kashe baƙar fata 9 a wani coci a Charleston a 2015 ya sami bindigarsa. Ta uku ita ce babba: kwamfuta abin da aka rubuta mata kaɗai ta sani. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a Afrilu 2007, kotu ta riga ta umarce shi da neman maganin ƙwaƙwalwa, amma ba a shigar da sunansa a kundin ba. Wanda ya kashe mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs ta jihar Texas a 2017, kotun soja ta taɓa ɗaure shi kan dukan matarsa da ɗanta, amma rundunar sojan sama ba ta aika da labarin ba. Dukansu biyu sun cika fom, an amince musu.

Tsoron manomin nan ma an rubuta shi cikin doka. Tun 1986 aka hana gwamnatin tarayya yin rajistar masu bindiga, kuma bayanan wanda aka amince wa sai an goge su cikin awa 24. In an tsinci bindiga a wurin laifi, ma'aikatan wani ofishi a garin Martinsburg su ne ke bin sawunta daga masana'anta zuwa dila, wani lokaci ta hanyar tona tsofaffin takardu cikin kwalaye.

DAREN LARABA

Ranar Laraba 25 ga Oktoba da dare, muna zaune a falo, talabijin ya katse shiri. A garin Lewiston na jihar Maine wani sojan ko-ta-kwana ya buɗe wuta a wani gidan wasa da wata mashaya, ya kashe mutum 18. Cikin kwanakin da suka biyo baya aka ji cewa bindigoginsa da izini ya saya. Danginsa sun kai ƙorafi wurin 'yan sanda tun watan Mayu cewa hankalinsa ya taɓu, ya yi mako biyu a asibitin ƙwaƙwalwa a watan Yuli, wani abokin aikinsa ma ya yi gargaɗi a Satumba cewa yana tsoron zai yi ɓarna. Mutanensa sun san halinsa, sun kuma faɗa.

A wannan dare ne surukarmu, wadda tun zuwanmu ba ta sa baki ba, ta ajiye farantin da ke hannunta ta ce, "Kawu, ka yi haƙuri in yi tambaya. Fom ɗin nan da ya cika, akwai inda aka ce a tambayi matarsa?" Muka ce ba mu gani ba. Ta ce mai gidan man da yake wa aiki ya hana ma'aikata zuwa da makami, wanda aka kama da shi aikinsa ya ƙare. Ke nan bindigar a gida za ta riƙa kwana, ita da yara, shi yana can. Ta ce babban yaron ba aljihun teburin da bai buɗe ba a gidan. Sannan ta sassauta murya ta ce tun ranar fashin mijinta ba ya barcin kirki, yakan farka a firgice, wani lokaci ya zauna shi kaɗai a mota awa guda bai shigo ba. Ta ce, "Kwamfutarsu ba ta san wannan ba. Ni na sani."

Yaron bai musa ba. Mu ma muka gaya masa abin da muka karanto a alƙaluman hukumar lafiya ta ƙasar: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbi kansu. A 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19. Muka tuna masa da Philando Castile, baƙar fata mai cikakken izini, wanda a 2016 a jihar Minnesota ya gaya wa ɗan sandan da ya tsayar da motarsa cewa yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi nan take. Shi kuma ya ce duk ya ji, amma ba ɗayanmu da ya ji sanyin ƙarfen nan a goshi. Wannan ma gaskiya ce, ba mu da amsarta.

Washegari da hantsi dilan ya kira, ya ce an amince, ya zo ya ɗauka. Hukuma ta duba ba ta ga laifinsa ba, kuma ba shi da laifin. Aka sake zama, aka tsaya a kan cewa bindigar ta ci gaba da zama a shago. Zai fara ganin likita a kan maganar barci, ya shiga ajin koyon riƙe makami, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli, sannan shi da matarsa su yanke shawara tare. Ba mu hana shi kamar yadda aka aike mu ba, ba mu kuma sa masa albarka a kai ba.

HANYAR GIDA

A kan hanyarmu ta komawa Niyok muka sake hango injunan tashar Baltimo, ba mu san suna da alaƙa da labarinmu ba sai bayan watanni. A Afrilu 2024 wata kotun tarayya a jihar Karolina ta Arewa ta sami wani manjo na sojan Amurka da laifin safarar makamai zuwa Gana. A 2021 ya sayi bindigogi da kansa, ya sa wani soja ya saya masa wasu, ya binne su a ƙarƙashin shinkafa da kayan gida cikin shuɗɗan gangunan roba, irin waɗanda 'yan'uwa ke aiko mana da tsaraba a ciki. Daga Baltimo jirgi ya ɗauko su, a Tema jami'an kwastan suka kama. Ga mutum mai tsabtar suna wanda kowace kwamfuta za ta amince da shi, ga kuma inda kayan suka nufa. Ashe kasuwar da muka ɗauka tana can nesa, bakinta ya kai har gaɓar tekunmu.

Don haka muna kira ga masu 'ya'ya da ƙanne a can su isar musu da waɗannan. Mai bizar ziyara ko ta karatu, in ban da 'yan keɓantattu, da wanda takardunsa suka ƙare, doka ta hana shi riƙe bindiga. Kada kowa ya cika fom don ya saya wa aboki, domin dokar da aka yi a 2022 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 a kan haka. Bindigar da ta halatta a Bajiniya, in aka kama mutum da ita a ɗure a titin Niyok ba lasin jihar, mafi ƙarancin hukuncin da doka ta yanka wa laifin shekara uku da rabi ne. Wanda bai zama ɗan ƙasa ba kuwa, ko da girin kad gare shi, laifin bindiga na iya sa a maido shi gida. Masu haɗa ganga kuma kada su karɓi ƙullin da ba su kwance sun ga cikinsa ba.

Ranar da muka iso Kumasi, ko wanka ba mu yi ba ƙanwarmu ta shigo. Ta ce, "Yaya, ka hana shi?" Muka ce mata gaskiyar magana ita ce gwamnatin Amurka ta yarda ya saya, amma surukarta ba ta yarda ba tukuna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ashe ita ya kamata in aika wa saƙon tun farko. Ba ni lambarta." Yaron dai daga baya ya sami aikin rana a wani kamfanin rarraba kaya, barcinsa ya daidaita, ya karɓi kuɗinsa daga wurin dilan. Ya ce mana bai binne maganar ba, ajiye ta ya yi.